Na Koya Mata Natsuwar Da Ta Tafi Da Ita

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. A shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka kwararo Yola da Jimeta suna gudun 'yan ta da ƙayar baya, ni budurwa ce 'yar shekara ashirin da huɗu. Na gama makarantar koyon aikin lafiya, ina zaune a gidanmu a Makama babu aiki, sai baki da rawar kai. Ina jin Fillanci, ina jin Hausa, ina jin Turanci, kuma a ganina wannan ya isa a ce na fi kowa a gidan wayewa. Abin da ya sa na rubuto shi ne wata dattijuwa da aka damƙa a hannuna don in taimaka mata ta zauna lafiya cikin 'ya'yanta, ni kuwa da hannuna na shirya ta ta koma inda ba ta dawo ba, ina yi ina yaba mata. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi na garinsu ba. Goggo nake kiranta, ko da yake ba mu haɗa komai ba, kuma haka zan kira ta a nan.

Wata ƙungiyar agaji ce ta kama gida a unguwar Ajiya don duba matan da suka yi gudun hijira, musamman waɗanda firgici ya zauna musu a jiki. Likitar da ke shugabantar wurin ba ta jin Fillanci, Hausarta kuma ta gaisuwa ce kawai, shi ya sa aka ɗauke ni tafinta. Ta zo da wata na'ura da ban taɓa ganin irinta ba ko a makaranta. Wani ɗan abu ne mai baki kamar na maƙale shanya, ana maƙala shi a yatsan mutum, waya ta haɗa shi da kwamfuta. Sai bugun zuciyar mutum ya fito a allo, layi yana hawa yana sauka. A gefe akwai ƙwallo: in ta yi sama ka ja numfashi, in ta yi ƙasa ka sake shi a hankali. Akwai kuma fitila, tana ja idan jiki a firgice yake, tana komawa kore idan zuciya da numfashi suka daidaita. Na'urar ba ta ba da magani. Nuna wa mutum take yi abin da jikinsa ke ciki, har ya koyi saukar da kansa da kansa, daga baya ya iya yi ba tare da ita ba. Kuma yana aiki, wallahi yana aiki. Na ga matar da cokali ba ya zama a hannunta saboda rawar jiki ta koma tana ɗinki da allura.

Da mata suka yi yawa, likita ta koya mini aikin ta bar mini ɗaki guda. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma ta maimaita mini har na gaji da ji: kowace mace rabin awa, a fara da hira, a san abin da ke ranta, sannan a maƙala mata na'ura. Ni kuwa na rage hirar, na rage, har ta koma ina kwana da ya gajiya. Ina da hujjojina. Layi yana da tsawo, zafin Yola kuma ba ya barin mutum ya daɗe a ɗaki in wuta ta ɗauke. Sannan ni budurwa ce, su kuwa sa'o'in uwata ne, kuma a tarbiyyarmu yarinya ba ta tsare babba da ido tana tono mata ciki. Amma in zan faɗi gaskiya, allon ne ya tafi da ni. Hira ba ta da launi, ba a ganin inda ta kai. Fitila kuwa in ta yi kore kowa ya gani, kuma ni ce na sa ta yi. Matan suka fara ce mini Likita, ban taɓa gyara musu ba.

Goggo ta zo wata safiya tare da 'yarta mai kimanin shekara goma sha biyar. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, Hausarta irin ta mutanenmu ce da ke ce wa mace ka maimakon ki, don haka muka koma Fillanci. Mijinta ya rasu tun kafin rikicin. Sun kwana uku a ƙafa cikin duwatsu kafin su samu mota, yanzu suna zaune a gidan ƙaninta, wani tela a Jimeta. Na ɗauko fom ina cikewa. Da na zo kan 'ya'ya na tambaye ta nawa ne, ta ce huɗu ne a gabanta. Na tambaya ko duk suna nan Jimeta, ta ce suna nan. Akwai layin da ke tambayar ko mutum ya baro wani nasa a baya. Na karanta mata, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta, ta ce ai kowa ya baro mutane. Na ja layi a wurin na wuce. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta dubi uwar, ta mayar da kanta ƙasa. Na gani sarai, amma na ɗauka kunyar baƙon wuri ce.

Ciwon Goggo a bayyane yake. Maharan a kan babura suka shigo musu, tun daga nan duk ƙarar inji sai ƙafafunta su ƙi ɗaukarta. Keke mai ƙafa uku in ya yi tari a bakin titi, sai ta durƙushe a inda take, gumi ya wanke ta, ƙirjinta yana bugawa har ana gani ta saman riga. Daga gidan ƙaninta zuwa Ajiya ba nisa, amma sai sun huta sau uku a gindin darbejiya. Ranar farko da na maƙala mata abin a yatsa, fitila ta yi ja ta ƙi motsi, layin kuwa kamar kaza ta yi tono a allon. Ta kalli zuciyarta a gilashi ta daɗe, sannan ta tambaye ni ko da gaske tata ce. Na ce tata ce, kuma ga dukkan alamu ta fi ta surutu. Ta yi ɗan murmushi. Shi ne karo na farko da na ga haƙoranta.

Ƙwallon ba ta yi mata ba, ta ce tana sa ta jiri. Sai na ƙirƙiro dabarar da na daɗe ina taƙama da ita: na ce ta riƙa ƙirga numfashin a gaɓoɓin yatsunta yadda ake tasbihi, biyar a shiga, biyar a fita. Nan take ta kama. A mako na biyu fitila ta fara yin ruwan ɗorawa, a na uku ta yi kore ta zauna. Ban taɓa samun ɗaliba kamarta ba. Wasu matan sai na bi su da roƙo su yi a gida, ita kuwa 'yarta ta ce bayan kowace salla sai ta zauna a kan tabarma tana ƙirga yatsu, har yara suna zaton wani sabon wuridi aka ba ta. Ba ta taɓa fashi ba. Ranar da janareto ya lalace aka ce kowa ya tafi gida, ta zauna a baranda har azahar ko za a gyara. Na riƙa tsokanarta cewa ita ce za ta gaje ni, ta ce a'a, ita sauri take yi. Ban tambaye ta saurin me ba.

Abubuwa biyu sun faru a tsakanin nan da har gobe suke dawo mini. Wata rana fitila tana kore lafiya lau, sai wata ma'aikaciyarmu mai tsohon ciki ta shigo ta ajiye mana ruwa. Ba ƙara, ba motsi, amma layin Goggo ya yi tsalle, fitila ta koma ja wur. Fuskarta ba ta canza ko kaɗan ba, idonta dai ya bi matar har ta fita. Na'urar ta gaya mini abin da bakinta ba zai faɗa ba, ƙarara, a gabana. Ni kuwa abin da na yi shi ne na ce ta koma kan yatsunta, biyar a shiga, biyar a fita, na zauna ina kallon agogo don in ga minti nawa za ta ɗauka kafin ta dawo kore. Ta ɗauki uku. Na rubuta a takardarta cewa ta samu ci gaba. Na biyun kuwa, tana ɗaura mayafi za ta tafi ta tambaye ni wane layi ne a kasuwar Jimeta ake samun jar kanwa mai kyau da kayan yajin jego. Na fashe da dariya na ce Goggo, ko dai akwai labarin da ba ki ba mu ba, mu fara shirin suna? Ta ce ni dai bakina ba ya hutawa. Na kwatanta mata layin dalla-dalla, har na gaya mata wace rumfa ce ba sa haɗa garin da dusa.

Daga nan ta fara kawo buƙatu. Ta ce tana so ta gwada ido buɗe, na ce to. Ta ce a tsaye, na ce to. Ta ce in buɗe tagar da ke kallon titi, ta ji kekuna suna wucewa. Ta ce in sa mai gadi ya buga ƙyauren ƙarfe ba tare da ta san lokacin ba. Ta taɓa tambayata ko wannan numfashin yana yi wa mutum aiki in yana tafiya da kaya a ka, kuma ko yana yi in namiji ya tsaya a gabansa yana daka masa tsawa. Kaina ya kumbura. Na je na gaya wa likita cewa ina da mara lafiyar da ke tsara wa kanta darasi. Likita ta yi murna, amma ta tambaye ni abin da Goggo take so ta yi in ta warke, tunda kowa da abin da yake son komawa gare shi. Na ce so take ta riƙa zuwa kasuwa ta sayar da gyaɗa. Goggo ba ta taɓa gaya mini haka ba. Ni na ga ya dace da ita, na faɗa da bakinta, kuma da yake ni ce tafinta babu wanda zai ƙaryata ni.

Ita ce ta ce in kai ta tasha. Ta ce nan ne wurin da ya fi ƙarfinta, sau biyu tana zuwa bakin ƙofar ƙafafunta suna mayar da ita. Ban tsaya na ce me ya kai ta tasha har sau biyu ba. Na ɗauki ƙaramar na'urar da ke aiki da batir, muka tafi da hantsi ranar Asabar, ranar hutuna, ina jin kaina wata gwarzuwa. Muka zauna a benci kusa da layin motocin arewa. 'Yan kamasho suna ihu, injina suna ruri, ga sojoji biyu a bakin ƙofa da bindigogi. Fitila ta yi ja, yatsunta sun yi sanyi a cikin hannuna. Ta fara ƙirga. Ina kallo launin ya sauka a hankali har ya yi kore, a tsakiyar wannan hayaniya. Ta cire abin daga yatsanta ta miƙo mini, ta tashi ita kaɗai ta taka har gaban sojojin, ta gaishe su, ta zagaya layin motocin tana tsayawa tana magana da direbobi, ta dawo. Na mayar mata da shi a yatsa, kore. Na rungume ta a gaban mutane, ita kuwa ta tsaya ƙiƙam, don ba a saba rungumarta ba. A hanyar dawowa na saya mana kunun gyaɗa muka sha a keke.

Zamanmu na ƙarshe ranar Laraba ne. Baƙi sun zo duba aikin, aka zaɓi Goggo a nuna musu, ni na zaɓe ta. Ta zauna, fitila ta yi kore tun kafin in gama gyara waya, layin yana tafiya sumul kamar an ja shi da rula. Aka tafa. Bayan an watse ta tsaya ta ba ni soyayyar gyaɗa a ƙullin leda, ta riƙe hannuna ta kira ni ɓingel am, wato ɗiyata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce na yi mata abin da ɗan'uwa bai yi mata ba, Allah ya ba ni masu yi mini. Ta ce in riƙa leƙa yaran nan in na samu hali. Na ce Goggo ai kullum muna tare, sai Laraba mai zuwa. Ta ce in Allah ya kai mu. Natsuwar da na gani a fuskarta ran nan ban taɓa ganin irinta ba, na kuma koma gida ina gaya wa kowa cewa na warkar da mutum.

Ranar Asabar da la'asar ina wanki aka ce ana sallama da ni. Matar ƙanin Goggo ce, da yarinyar nan a bayanta, idonta ya kumbura. Ta tambaye ni ko Goggo ta zo wurina. Tun Juma'a bayan sallar asuba ta fita da ƙunshi a ka, ta ce za ta kai wa wata 'yar garinsu saƙo a Damare, ba ta dawo ba, kuma an je Damare babu wanda ya gan ta. An duba ƙarƙashin gadonta an tarar kanwa da yaji da zannuwa biyu da ta ɗinka duk babu. Matar ta zauna a kan turmi ta ce ita ta san inda ta tafi, wurin waccan ta tafi. Na ce wace waccan? Ta dube ni kamar ban da hankali. Ta ce 'yar farinta mana. Goggo 'ya'ya biyar gare ta. Babbar tana aure a wani ƙauye gaba da nasu, ranar gudun hanya ta raba su, kuma a lokacin tana da ƙaramin ciki, cikin fari. Da lafiya ake, gida za a dawo da ita goyon ciki, uwar ta karɓi haihuwa, ta dafa mata ruwan wanka, ta dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Matar ta ce ita ta lura Goggo tana lissafin wata, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci yarinyar ba, yaran ma in suka ambace ta sai ta tashi ta bar wurin. Ta ce su abin da ya kwantar musu da hankali shi ne sun san ba za ta iya ko shiga tasha ba.

Edita, ina tsaye kumfa tana bushewa a hannuna. Da baƙuwa ce ni a ƙasar nan da na samu abin faɗa. Amma ni ma 'yar fari ce. Uwata, da muke kira Dada, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jin duk abin da ake faɗa, kuma tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ke take ce mini, ko ta ce wa ƙannena ku kira waccan. In baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta, daga ƙanena take fara lissafi. Ranar da zazzaɓi ya kusa kashe ni ina firamare, goggonnina ne suka yi ta kuka, ita tana tsakar gida tana tankaɗe, sai daga baya aka gaya mini ta kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba. Da wannan kunyar aka raine ni. Na san mace irin Goggo in ta ce huɗu ne a gabanta, akwai tambaya ta biyu da ake yi, kuma ba ita ake yi wa ba, wani nata ake ja gefe. Yarinyar da ke rako Goggo tana zaune a baranda duk ranar Laraba tana jiran uwarta. Taku biyar ne tsakanina da ita. Bayan baƙin sun tafi Dada ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi tun ranar da na ba su labarin kanwa ina dariya ita gabanta ya faɗi, amma ta ga aikin asibiti ne, ba ta san kansa ba.

Washegari ni da ƙanin Goggo muka je tasha. Ba mu sha wahala ba, direban ya tuna ta, har ya tuna ni, ya ce ba ke ce kika kawo tsohuwar ran nan ba? Ya ce ta tambaye shi tun a ranar inda mota take tsayawa da abin da ake tambaya a shingaye. Ya kai su har garin da motoci suka daina wucewa. A kowane shinge ana sauke fasinja ana yi musu tambayoyi, ya ce maza ma murya tana rawa, an mayar da mutum biyu baya saboda sun rikice. Tsohuwar kuwa ta dubi soja ta ce jikarta za ta gani a garin gaba, murya ko gezau, aka ce ta wuce. Ya ce duk tafiyar tana zaune a gefen taga tana motsa babban yatsa a kan sauran, shi ya ɗauka tasbihi take yi. Da suka sauka ta ɗora ƙunshinta a ka ta bi hanyar da mutane ke fitowa daga cikinta. Ya kira ta ya ce mata ba a shiga nan, ta ɗaga masa hannu ba ta juyo ba.

Na gaya wa likita komai, har ƙaryar sayar da gyaɗa. Na so ta kore ni, da na fi samun sauƙi. Ba ta kore ni ba. Ta ce Goggo babba ce mai hankalinta, ta yiwu ko an sani ba a iya hana ta, amma da an sani da an nemi labarin 'yar farin tata ta hanyar masu neman waɗanda suka ɓata, da an gaya wa ƙaninta ya sa ido, da aƙalla ba ita kaɗai ta ɗauki wannan lissafin ba. Wannan da an sani ɗin shi ya zauna mini. Bayan an buɗe yankin mutane sun koma, ƙaninta ya je har ƙauyen da 'yar farin ke aure. Ya tarar da gidan babu rufi. Wani ya ce ya ga wata doguwar tsohuwa da kaya a ka a bakin rafi, wani ya ce an kwashe matan ƙauyen tun kafin lokacin. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya ga mai rai. Har yau ba a yi mata zaman makoki ba, don ba a san ko za a yi ba.

Yanzu na yi aure, ina da 'ya'ya uku, ina aiki a wani ƙaramin asibiti. Shekarun nan duk ban daina ganinta ba. Ba a mafarki ba, da rana tsaka. In keke ya bi da ni ta bakin tasha na hango doguwar mace da ƙunshi a ka, sai na leƙa fuskarta. In na idar da salla na fara tasbihi a yatsu, wani lokaci sai in tsinci kaina ina ja biyar ina sakin biyar, sai in tashi in bar sallayar. In mara lafiya ya ce mini babu komai da murya mai sanyi, gabana faɗuwa yake yi fiye da in yana kuka. Abokan aikina suna tsokanata wai ni 'yar sanda ce, mace ta zo da ciwon kai sai na tambayi har kakanninta. Ina dariya tare da su, ban taɓa gaya musu dalili ba.

Yaran ina leƙa su kamar yadda ta ce. Bara yarinyar nan, wadda yanzu take aure a Damare, ta haifi ɗanta na fari. Matar kawunta ce ta yi mata wankan jego. Na je barka na same ta ita kaɗai a ɗaki, jaririn yana barci a cinyarta. Muka gaisa, na zauna. Can ta kira ni Adda, wato yaya, ta ce akwai abin da ta daɗe tana son tambayata. Ta ce a watannin ƙarshen nan uwarsu ba ta yi hira da kowa a gida ba, ni kaɗai ce take zuwa ta zauna da ni a ɗaki a rufe ƙofa, rabin awa duk mako. Ita tana baranda tana ta tunanin me suke faɗa haka. Ta ce ba zargina take yi ba, so take kawai in gaya mata ko da kalma ɗaya ce da uwar ta faɗa a kansu, su huɗun da ta bari, ko ta yi tunaninsu da za ta tafi.  Na san minti nawa zuciyar uwarta take ɗauka kafin ta sauka. Na san yatsan da ya fi ba da layi mai kyau. Na gaya mata uwar ta ce in riƙa leƙa su, ta ce wannan ta sani, bayan shi fa? Na ce babu, ban tambaye ta ba. Ta gyaɗa kai ta gyara wa ɗanta hula, ta ce in ci abinci kafin in tafi.

Ban rubuto don in ɓata na'urar nan ba. Mata da yawa sun samu barci da cin abinci ta dalilinta, kuma da za a kawo ta asibitinmu gobe zan yi aiki da ita. Ta yi abin da aka ƙera ta ta yi, har ta nuna mini ja a ranar da ya kamata in tsaya, ni ce na ce a mayar da shi kore. Abin da na koya, kuma na koye shi da tsada a kan ran wata, shi ne jiki yana iya kwantawa alhali mutum bai warke ba, wani lokaci shawara ya gama yankewa. Tsoron da na ɗauka shi ne dukkan ciwon Goggo, shi ne kuma abin da ke riƙe da ita a Jimeta, na cire shi ban duba me ke bayansa ba. Ina roƙon 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, da duk wanda ke da wani a gida da ya fito daga irin wannan masifa: kafin ku koya wa mutum natsuwa, ku san me zai yi da ita. Iyayenmu ba za su faɗi abin da ya fi ci musu rai ba, haka aka raine su, kuma mun sani. In kunya ta hana ku tambayar babba, ku tambayi na kusa da shi. In wanda kuka sani a firgice ya wayi gari ya yi sanyi lokaci guda, yana godiya, yana ba da amanar yara, kada ku tafa, ku zauna kusa da shi ku ƙi tashi. Wanda ya karanta wannan ya sa Goggo da 'yarta a addu'a, in suna raye Allah ya bayyana su, in sun riga mu Allah ya jiƙansu. Ni kuma ku roƙa mini gafara, don rabin awa ake ba ni da ita duk mako, kuma allo na kalla.